Ku Tambayi Injiniya: "Satifiket bakwai gareni amma ban iya haɗa komai ba"

Assalamu alaikum jama'a. Sanyin Jos ya shigo da ƙarfinsa, rubutun nan ma da safa a ƙafa nake yinsa, ga shayi a gefe yana hucewa tun kafin in kai rabin kofi. Saƙonnin wannan karon kusan duk akan kodin ne, wato rubuta wa kwamfuta umarni don haɗa manhaja, da neman ci gaba a aikin kwamfuta, sai na zaɓi guda biyar. Na rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Injiniya. Ni ɗan Gangare ne, na gama HND a kwamfuta sayans har na yi bautar ƙasa. Wallahi na gaji. Na fara Python na bari, na koma JavaScript na bari, abokina yace Flutter ke kawo kuɗi na koma can, yanzu kuma kowa maganar nazarin bayanai (data) yake. Satifiket bakwai gareni na intanet amma in akace in zauna in haɗa wani abu da kaina sai kaina ya ɗau zafi, ba abinda ke fitowa. Dan Allah wane yaren kodin ne yafi?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena. Ba yare bane matsalarka, taura biyu kake son taunawa lokaci ɗaya, kai naka ma huɗu ne. Duk yarukan da ka lissafo ana cin abinci da su. Python tun 1991 Guido van Rossum ya fito da shi, JavaScript kuma Brendan Eich ya rubuta shi a 1995, kaga dukansu sun girme ka ko sun kusa, kuma ba inda zasu je kafin ka koye su. Abinda ke cikinsu ma kusan ɗaya ne: wajen ajiye bayani, sharaɗi na in kaza ya faru ayi kaza, maimaita aiki, da tattara umarni waje ɗaya a bashi suna. Wanda ya riƙe waɗannan da kyau a yare ɗaya, yare na biyu sati kaɗan zai ɗauke shi ya fara rarrafe. Kai kuma duk lokacin da kazo daidai inda abin zai fara wuya, wato daidai inda koyon yake, sai ka tattara ka koma wani yaren ka sake farawa daga gaisuwa.

Sannan kallon bidiyo yana da yaudara. Kana kallon mutum a YouTube yana rubutu kana kwafa, komai na tafiya sumul, sai kaji kamar ka iya. Kamar wanda ya shekara a gidan gaba kusa da direba ne daga Jos zuwa Bauchi, ya san kowace kwana, amma a miƙa masa sitiyari aga ikon Allah.

Ga abinda nake so kayi. Tunda ka taɓa JavaScript, koma kansa ka zauna wata shida, kar ka saurari kowa. In kana son tsari, freeCodeCamp kyauta ne, The Odin Project ma kyauta ne, ɗauki ɗaya, ɗaya nace. Amma babban aikin ba a can yake ba. Ka shiga kasuwar Farin Gada ko Terminus ka samu wani naka mai sayar da kaya bashi, irin masu dogon littafin nan da ya sha maiƙo da ruwan tumatir, kace zaka haɗa masa ɗan abinda zai riƙa rubuta wa ya karɓi buhu nawa, ya biya nawa, saura nawa. Zaka ga kamar aikin kwana biyu ne. Sai ka kai masa, ranar farko zaka gano yana da kwastoma uku masu suna ɗaya, biyu ma unguwarsu ɗaya, daga nan zaka fahimci dalilin da yasa ake bawa kowane mutum lambarsa daban a rumbun bayanai, abinda malaminku ya faɗa a aji kuna hamma. Rana ta biyu yaron shago zai rubuta kuɗi da waƙafi a tsakiya ko ya sa harafin N a gaba, lissafin ya watse. Rana ta uku netwok zai ɗauke ana tsakiyar ajiye bayani, Alhaji ya kira ka yana faɗa wai bashin dubu tamanin ya ɓata. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan zata hana ka barci, zaka yi ta bincike kana karanta jan rubutun kuskuren nan da kake gudu, kuma ranar da ka gyara ta ba zaka sake mantawa ba har abada.

Ka buɗe GitHub, shafin da masu kodin ke ajiye aikinsu, ka riƙa zuba aikin a can tun daga ranar farko, ko da kana jin kunyarsa. Git ɗin ma, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da kayi a aikinka, ka koye shi da kyau, Linus Torvalds mai Linux ne ya haɗa shi a 2005, kuma da wuya ka shiga kamfanin da ake rubuta manhaja baka same shi ba. A intabiyu in aka tambaye ka me ka taɓa yi, labarin kwastoma uku masu suna ɗaya yafi satifiket bakwai ɗinka nauyi, ni dai in nine a kujerar shi zan saurara. Kuma kar ka zauna kai kaɗai a ɗaki, akwai cibiyar masu fasaha ta nHub a nan garin, akwai yaran Unijos masu haɗuwa suna yi, ka je ka nuna aikinka a kushe maka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin IT ne a wani ofis a Garki Abuja, daga Mararaba nake zuwa kullum. Shekara shida kenan aikina bai wuce gyaran firinta, sa Windows, canza wa oga faswod da ya manta, sai haɗa furojekta in za'ayi mitin. Albashi na nan inda yake, ga iyali. Shekarata 34. Ya zanyi in matsa gaba, ko dai lokaci ya wuce min?

AMSA: Malam, lokaci bai wuce ba, kuma kana zaune akan abinda yaran da ke koyo a gida suke nema ruwa a jallo, wato kwamfutoci na gaske da netwok na gaske da mutane na gaske masu ɓata abu kullum. Illa dai shekara shidan nan da ka lissafa, in ba'a yi wasa ba shekara ɗaya ce ka maimaita sau shida. Kayi haƙuri da maganar, nima an taɓa faɗa min ita kuma na kwana uku ina jin haushin mutumin.

Ni a ganina kar ka watsar da abinda ka sani ka koma gasar haɗa shafin intanet da 'yan shekara ashirin. Hanyarka ta netwok ce da saba (babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gareta) da kilawud (hayar irin waɗannan kwamfutoci ta intanet). Fara da ɗakin nan mai sanyi da ake kulle rauta da suwic, na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna da intanet, a ofis ɗinku, wanda sai ɗan kwangila yazo ake buɗewa. Ka san me yasa kwamfutar akawu ke ganin firinta amma ta ɗakin baƙi bata gani? Ka san wa ke raba adireshin IP, lambar da ake gane kowace kwamfuta da ita a netwok, a ofis ɗin, ko me ke faruwa tsakanin lokacin da oga ya rubuta sunan shafi da lokacin da shafin ya buɗe? Wannan shine karatun CCNA, satifiket ɗin netwok na kamfanin Cisco. Jarrabawar 200-301 ce, dala 300 ake biya, satifiket ɗin kuma shekara uku yake yi kafin a sabunta. Da canjin yanzu kuɗi ne masu ciwo, shiyasa kar ka biya sai ka shirya. Packet Tracer kyauta Cisco ke bayarwa ta Networking Academy ɗinsu, zaka haɗa rauta goma a cikin laftof ɗinka ka lalata ka gyara ba wanda zai baka kwiri. Go-sulon Nyanya da AYA ɗin nan da kake sha safe da yamma, ka sauke darussa a waya da wayifai ɗin ofis ka sa abin kunne, awa biyu ne ko fi a kullum da kake bayarwa sadaka.

Bayan netwok sai Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, domin yawancin sabobin duniya a kansa suke. Nemo tsohuwar kwamfutar da aka jefar a sito, kowane ofis akwai irinsu sun yi ƙura, ka nemi izini ka sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux, ka hana kanka linzami, komai da baƙin allon nan na rubuta umarni. Daga nan sai ɗan kodin, Python ko PowerShell tunda Windows kuke amfani da shi, kuma ba don ka zama mai haɗa manhaja ba, don ka daina yin abu ɗaya da hannu sau hamsin. In an ɗauki sabbin ma'aikata ashirin, maimakon ka buɗe musu akawun ɗaya bayan ɗaya har la'asar, layi talatin na rubutu zai karanta sunayen daga Excel ya gama kafin ruwan shayinka ya tafasa. In ka kai nan sai ka leƙa kilawud, AWS na Amazon ko Azure na Microsoft. Jarrabawar farko ta AWS, Cloud Practitioner, dala 100 ce, ta Solutions Architect Associate kuma 150. Wanda ya san netwok da Linux zai ga kilawud ɗin nan kayan da ya sani ne aka kai gidan wani ana bashi haya.

Amma bari in baka labarin kaina saboda ka san irin wutar da zaka fara wasa da ita. Shekarun baya a wani ofis da nayi aiki, ranar Alhamis wajen ƙarfe huɗu, aka ce in gyara lambar wayar mutum ɗaya a rumbun bayanan ma'aikata. Lokacin na fara jin kaina da SQL, yaren da ake magana da rumbun bayanai da shi, na rubuta UPDATE, umarnin canza bayani, na sa sabuwar lambar, na danna. Na manta WHERE, wato ɓangaren da ke cewa wane mutum za'a gyara. Sai naga allo ya rubuto min cewa layi ɗari biyu da wani abu sun canza. Kowa a ofis ɗin, tun daga manaja har maigadi, lambar wayarsu ta koma ɗaya. Wallahi da sanyin AC ɗin nan gumi ya jiƙa min riga har singileti. Abinda ya cece ni wani dattijo ne da muke wa dariya saboda kullum kafin ya tashi sai ya kwafi rumbun a wani faifai, ya jawo durowa ya miƙo min ko kallona bai yi ba, yace gobe ka zo da goro. Tun daga ranar bana taɓa bayanan gaske sai na ajiye kwafi, kuma sai na fara gwada umarnin da SELECT, mai nuna bayani kawai ba tare da canza shi ba, naga su wa zai shafa. Kai ma duk gwajin da zaka yi, akan tsohuwar kwamfutar nan zaka yi, ba akan ta ofis ba.

Abu na ƙarshe, ka riƙa rubuta duk abinda ka gyara da lokacin da ya rage wa ofis. A CV kar ka sa "ina kula da kwamfutoci", kowa haka yake sawa. Sa cewa aikin da ke cin yini guda ka mayar da shi minti biyar, ka faɗi yadda kayi. Kuma ka sa a ranka wataƙila ƙarin albashin ba a ofis ɗin nan zai zo ba, wanda ya saba kiranka ka gyara masa rimot ɗin AC da wuya ya fara ganinka injiniya. Abuja cike take da bankuna, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu masu neman wanda ya san netwok da gaske.

TAMBAYA: Aslm Injiniya, ni matar aure ce a Angwan Rogo, yarana biyu, NCE gareni a lissafi. Ina sha'awar abin nan sosai amma bani da laftof sai waya, wutar ma sai ta ga dama. Zai yiwu kuwa?

AMSA: Wa'alaikissalam 'yar'uwa. Farawa zai yiwu, gamawa ne ba zai yiwu da waya kaɗai ba, gara in faɗa miki gaskiya. In Android ce ki sauke Pydroid 3, zaki rubuta Python ki ga yana aiki ko ba data. Sololearn ma yana da ƙananan darussa da zaki yi kina jiran tuwo ya turara. Wata biyu zuwa uku a haka ya isa ki gane ko sha'awar ta gaske ce ko ta ganin wasu ce, kuma baki kashe ko sisi ba sai kuɗin data. In kin ga abin ya kama ki sai ki shiga adashi da niyyar laftof. Ba sabuwa ba, tokumbo irin ThinkPad ko Latitude ko EliteBook ɗin nan na ofisoshi, Core i5, RAM 8GB, kuma lallai mai SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri. Ki tafi da wanda ya sani, a cire caja a gabanki a barta tana aiki aga yadda batirin ke sauka, domin a garin nan batiri yafi kyan jiki muhimmanci.

Da lissafin da kike da shi ni sai ince ki nufi ɓangaren nazarin bayanai: Excel sosai da sosai, ba iya jera suna ba, sai SQL, sai Power BI, manhajar mayar da bayanai zane da rahoto, Python ya biyo baya. Makarantar da ke kusa da ke tana da sakamakon ɗalibai da ake haɗawa da kalkuleta duk ƙarshen zango, malamai na kwana suna kuskure, to ga aikinki na farko nan. Sai dai ki kula, bayanan yaran mutane amana ne, akwai ma dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a 2023, kar ki ɗora sunayensu a intanet don nuna gwaninta, ki canza su da na ƙarya. Ki kuma sa ido akan 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na horar da mutum miliyan uku da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 tare da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, ba'a biyan kuɗin shiga. Akwai kuma Arewa Data Science Academy da 'yan arewa suka kafa don irinku. Hausarki ma jari ce, masu koyar da kwamfuta harsunanmu irin su HausaNLP da Masakhane suna buƙatar wanda ya iya yaren kuma ya san bayanai, kuma irin waɗannan basu da yawa.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Zuba. Yarona ya kawo min takardar wata makaranta, sunce sati shida zai zama injiniyan manhaja ya fara karɓar dala daga Amurka, kuɗin kuma ba kaɗan ba. In biya?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, kar ka biya tukuna. Kai ɗan kasuwa ne, ka taɓa yaye yaron shago a sati shida? To wannan ma sana'a ce kamar kowace. Yaro mai ƙwazo da ke zama awa uku huɗu kullum, ni a abinda na gani, sai ya kai shekara ko kusa kafin ya yi aikin da wani zai ciro kuɗi ya biya da daɗin rai. Maganar dala gaskiya ce akwai masu samu, amma suna gasa ne da 'yan Indiya da Pakistan da Masar da kowa ma, kuma yawancinsu sai da suka yi shekaru suna aikin naira. Ko Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da ake yawan buga misali da shi, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 akan sama da dala miliyan 200, Shola Akinlade da Ezra Olubi da suka kafa shi kwamfuta sayans suka karanta a jami'ar Babcock kuma sun daɗe suna rubuta manhaja kafin nan.

Ga gwaji mai sauƙi. Akwai kwas ɗin CS50 na jami'ar Harvard, David Malan ke koyarwa, kyauta yake a intanet. Kace yaron ya yi sati uku na farko harda ayyukan da ake bayarwa, ya zo ya nuna maka abinda ya haɗa yana aiki, ko baka gane ba zaka gane daga fuskarsa. In ya yi, to ya cancanci a kashe masa, kuma laftof da data da ɗan sola sun fi masa amfani a farko. In daga baya za'a biya makaranta, kaje da ƙafarka kace a haɗa ka da ɗalibansu uku da suka gama bara, ka tambaye su ina suke aiki yanzu. In suka fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.

TAMBAYA: Yaya, ni ɗalibi ne a Unijos aji biyu. Tunda ChatGPT na rubuta kod cikin sakan goma, meye amfanin in wahalar da kaina? Duk asayimen ɗina ma shi ke min.

AMSA: Ƙanena, wannan jimlar taka ta ƙarshe ita ta fi bani tsoro. ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, nima ina amfani da shi da 'yan uwansa kusan kullum, kuma ba zan ɓoye maka ba, ƙananan ayyukan da da ake bawa sabon shiga ya koyi hannu yanzu inji na yin da yawa daga ciki, ƙofar shiga ta ƙara ƙunci. Amma abin nan yana yin kuskure da cikakken ƙarfin hali, zai ƙirƙiro maka umarnin da babu shi a duniya ya jera maka shi tsaf kamar gaske, kuma in ka nuna masa sai ya baka haƙuri ya sake kawo wani. Wanda ya iya zai gani cikin minti ɗaya ya gyara ya wuce. Kai da baka taɓa rubuta naka ba, da me zaka gane? Ranar da za'a zaunar da kai a intabiyu a juyo maka allo ace bayyana mana me layin nan yake yi, ba waya a hannunka.

Ka juya yadda kake amfani da shi. Rubuta naka tukuna ko da ya karkace, in ya ƙi aiki ka yi fama da shi minti talatin, sannan ka tambaye shi me jan rubutun ke nufi, kace kar ya baka amsar, ya nuna maka inda zaka duba kawai. In kuma ya rubuta maka wani abu, kar ka manna sai ka iya faɗa wa abokin ɗakinka aikin kowane layi da Hausa. Asayimen ɗin da ya riga ya yi maka na zangon nan, ɗauko guda ɗaya a hutun nan ka rufe intanet ka sake yinsa daga farko, sai ka rubuto min ka faɗa min layi na nawa ka maƙale.

Mai tambaya daga Bukuru da ke son in koya masa shiga WhatsApp ɗin wani, wannan ba'a filin nan ba, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ke jiran mai yi. In tsaron intanet kake so da gaske, koma sama ka karanta amsar da na bawa mutumin Mararaba, daga netwok da Linux ake farawa. Sauran saƙonnin sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.